Harajin Ingila, Harajin Amurka, da Gonar Bakin Rafi

Sada, tsaya nan, kada ka tsallake kana neman gaisuwa. Ci wannan tukuna. Ina da wani ɗan gida, ba ya ci, ba ya sha, bai taɓa riƙe hauya ba. In mai shi ya yi tafiya ba ya bin shi. Sau ɗaya a shekara yake fita bainar jama'a, bayan an kai amfanin gona gida. Amma shi ke tsaron gona, ranar da aka rasa shi an rasa ta. Mene ne? Kai da aka ce ka ƙure malamanka a Katsina, riƙe wannan kana karatu kana taunawa. In ka gaza ka ba ni gari, amma ba na son Landan, an ce ba su da rana.

To, yanzu gaisuwa. Daga kakarka Hurera, matarka ta fari da ka gudu ka bari a Mawashi ba cefane, zuwa ga maigidana Sada a Ikko, inda aka ce kana jiran jirgin ruwa. Gaisuwa mai yawa da so da begen ganinka. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da sharrin ruwa da na mutanen da ke bayan ruwan. In ka ga rubutun yana hawa yana gangara kamar kunyar da makaho ya yi, da hannuna na yi shi. Ajin bokon da aka buɗe mana mu tsofaffi bai tafi a banza ba, kuma maganar nan ba ta shiga kunnen mai rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwa ba ce.

Ba zan cika ka da labarin gida ba. Kowa lafiya, har jakin nan da ya fi ka taurin kai da kaɗan. Abin da ya hana ni sakat maganar da ka bar mani ce ranar da ka zo sallama. Ka zauna kan turmina, ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar Joji a kotu, kana cin gyaɗata kana ba ni karatu. Ka ce En'e, hukumar Sarki, za ta tura ka Ingila ƙaro ilimin aikin gona, za a haɗa ka da wata babbar gona kana aiki ana biyan ka. Ka ce in ka gama, Baturen Amurkan nan mai haƙa rijiyoyi a Kankia ya yi maka alkawarin hanya zuwa ƙasarsu, in ka so ma har ka zama ɗan ƙasa. Ka auna mani harajin waɗannan da na waɗancan kamar mai sayar da atamfa biyu. Sannan ka kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarka ka ce, “Kaka, in lokacin haraji ya zo ki gaya wa mai unguwa ya cire ni. Can zan riƙa biya. Mutum ɗaya ba ya biyan haraji biyu.”

Na ce, “Gonar ubanka ta bakin rafi fa?”

Ka ce, “Gona ƙafa gare ta? Ina za ta?”

Ban ba ka amsa ba, don Baturenka yana waje yana ta matsa ƙahon mota. Ga ta yanzu. Gona tana da ƙafa, ja'iri, da idona na ga ta tashi. Halan boko ya mantar da kai yadda abin yake a nan: wanda aka daina kira ranar haraji an ɗauka ya tashi ke nan, gonarsa ta koma hannun dagaci, ya ba wanda zai noma ya biya. Mijin gwaggonka Ladi da ke noma ta yanzu aro aka ba shi, a wata unguwa yake biyan nasa, ba shi da bakin magana a tamu. Za mu zo nan. Bari in fara kwance maka atamfofin nan naka biyu, mu ga ko akwai huda a tsakiya.

Mu fara da mutanen Ingila, tunda su na sani, tun ina goyon ubanka nake ganin hularsu. Ka ce nasu harajin ba ya ciwo. Ba mai unguwa, ba dogari, ba a shanya kowa a rana. Tun a ofis ake yanke rabonsu daga albashi, abin da ya rage shi ake miƙo maka, ba ka ma gan shi ba balle ka yi kewarsa. Kana faɗa kana murmushi kamar an yi maka albishir. Ni kuwa ina ji sai Tabawa dillaliya ta faɗo mani a rai.

Lokacin ina sabuwar amarya gidan kakanka ba na fita, kaɗi nake yi. Zarena kuwa ka tambayi tsofaffin masaƙan Kusada in da sauran masu rai, siriri kamar yanar gizo. Tabawa ke ɗauka ta kai kasuwa. Lokacin ana haɗa kuɗin wuri da kwabo. Ta dawo da la'asar ta zube mani a faifai ta ce, “Ga shi, amarya, na riga na cire la'adata, kada in wahalar da ke da lissafi.” Ni kuma in ji daɗi, in ce kai, matar nan akwai sauƙin kai, har in dama mata fura. Sauran dillalai sai an zauna ana musu ana rantse-rantse, ita kam lami lafiya. Ban taɓa ce mata nawa aka saya, nawa kika cire ba. Kunya nake ji, kada ta ce ban yarda da ita ba. Haka muka yi ta tafiya har na yaye ubanka, na yaye mai bi mashi. Ran nan wani masaƙi ya zo gaida kakanka a zaure, ina jiyo shi ta bayan zana yana cewa, “Malam, zaren gidanka babu irinsa, amma tsada! Sai mun yi karo-karo muke iya sayensa.” Da ya faɗi abin da yake biya sai da na nemi ƙasa na zauna. Tabawa na zuwa na tare ta. Ko gezau. Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, “Yo ke kin taɓa tambaya? Na ce na cire la'ada, ban ce ga yawanta ba.” Kuma gaskiyarta.

Ban ce Turawan Ingila Tabawa ne ba. Ban kuma ce ba ita ba ne. Abin da na ce, wanda ya ce maka kada ka wahala da lissafi, shi ya riga ya yi lissafin, kuma ba don kai ya yi ba. Duk ranar da aka miƙo maka albashi ka ce a nuna maka duka kafin a yanka, a nuna maka abin da aka yanka, a gaya maka dalili. In mai miƙowar ya ɓata fuska, ka ƙara tambaya. Kunyar tambaya ta ci mani zaren ƙuruciyata kaf, kada ta ci maka guminka a ƙasar da ba ka da mai tsaya maka. Abu ɗaya na yaba masu, in dai gaskiya ka faɗa: ka ce in baƙo ya tattara komatsansa ya koma ƙasarsa, sun sake shi, ba sa bin sawunsa. Harajinsu na mazauni ne, kamar kuɗin rumfar kasuwa. Ka tashi, an gama.

Sai Amurka, wadda idonka ke ƙyalli in ka ambace ta. Ka ce su ma suna ɗan yanka daga albashi, amma in shekara ta zagayo kai da kanka za ka zauna ka rubuta duk abin da ka samu, ka sa hannu cewa gaskiya ka faɗa, in sun ci fiye da rabonsu su mayar maka. Ka ce wannan shi ne mutunta ɗan Adam. Sada, tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin kura ta dawo da ƙashi ta ce ya yi mata yawa ba. In kuwa ta dawo da shi, so take ta ga inda sauran garken ke kwana. Ka kuma ce a wurare da yawa masu karɓar biyu ne, na babbar gwamnati da na lardin da kake zaune. Ka faɗe shi da sauri-sauri kamar mai haɗiyar maɗaci, kana zaton ban ji ba. Na ji.

Wannan faɗi-da-bakinka ɗin na san shi, ya taɓa kai ni ya baro. Wata shekara Bature ya sauka a barikin Kankia zai sake ƙiyasin haraji. Malamansa suka bazu unguwa-unguwa suna tambayar maza gonaki da sana'a da dabbobi. Kakanka mutum ne mai kaffa-kaffa, ya faɗi abin da aka tambaye shi ya ja bakinsa ya tsuke. Su malaman ba sa wuce zaure. To, ana cikin haka sai ga wata mata da tallan daddawa, ba mu san ta ba, bakin nan kamar an shafa zuma. Ta zauna, ta sha ruwa, ta ce, “Kai, 'yar'uwa, an ce duk unguwar nan babu mace mai hannu kamar matar gidan can na gabas. Tumakinta ita kanta ba ta san iyakarsu ba.”

Na ce, “Wa? Ita? Taso ki gani.”

Na ja ta bayan ɗaki na nuna mata tumakina. Na buɗe mata tukwanen man gyaɗa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ban da waɗanda na ba da kiwo a ruga, alhali a rugar ko bunsuru ba ni da shi, don dai labari ya kai kunnen ta gabas. Tana ta “Tubarkalla, tubarkalla,” ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ko tayin daddawar ba ta yi mani ba. A nan ya kamata in farga. Mai talla da ba ta damu a saya ba, wani abin take saye.

Da aka zo raba kuɗin da aka ɗora wa unguwa, sai ga gidanmu a sahun masu hali. Kakanka ya shigo ya tsaya bakin ƙofar ɗakina, ya daɗe yana kallona, ya ce, “Hurera, ashe attajira nake aure ban sani ba. To ranta mani in biya.”

Da shekara ta zagayo na ce ai yanzu na yi wayo. Na ji ƙishin-ƙishin za a sake zagayowa, na kora tumakin na tura su ɗakin da muke ajiyar iri, na ja ƙyaure. Wuni guda ina tsakar gida ina zare ido. Ba malami, ba mai daddawa, ko kare bai leƙo ba. Da na buɗe, sun cinye damman geron irin da kakanka ya zaɓa zangarniya-zangarniya da hannunsa, ɗaya har cikinta ya kumbura sai wuƙa. Ruwan shuka ya sauka muna bin maƙwabta roƙon iri, har gidan ta gabas. Ita ta auna mani da kanta, tana tambayata lafiyar garkena na ruga.

Saboda haka in ka faɗa hannun masu cewa faɗi da bakinka, kada ka ƙara don a ce kai wani ne, kada ka rage don ka ga kamar ba mai kallo. Ƙari ya ci ni, ragi ya ci ni, kuma kai har hannu aka ce za ka sa, wannan kusan rantsuwa ce, Allah na gani. Ka kuma sani, duk wanda ya ce ka faɗa da kanka yana da mai daddawarsa. Bakinka kawai yake so ya gwada.

Akwai wata da ka faɗa kana dariya, ni ba ta ba ni dariya ba. Wai a Ingila abin da mace ta samu da hannunta, wurin haraji na mijinta ake ɗaukarsa. Kuɗin ƙuli-ƙulina da na tsaya gaban wuta na soya a ce na kakanka ne? Shi kansa, Allah Ya jiƙansa, in ya ci sai ya biya. Ka ce a Amurka kuma miji da mata suna iya zuba nasu a ƙwarya ɗaya a raba biyu, wai ya fi sauƙi. Wannan ma ban yarda da shi ba. Ƙwaryar da aka zuba nonon gida biyu, ranar da ta fashe kowa cewa zai yi nasa ya fi yawa. In Allah Ya kai ka ga aure, bar wa 'yar mutane asusunta, ko a wace ƙasa kake.

Yanzu Baturenka. Ranar nan da ka shiga gaida maƙwabta ka bar shi a zaure, na fito na same shi. Ya durƙusa har ƙasa, ina kwana, ina gajiya, ina ɗan kwana biyu, ya jero su tas. Mutumin da ya koyi harshenka da sauri haka, akwai abin da yake so ya ji. Na ce bari ni in riga shi.

Na ce, “Bature, kai a ina kake haraji?”

Ya yi dariya ya ce, “Kaka, ko da yake ina nan, duk shekara sai na aika wa ƙasarmu takarda na gaya masu abin da na samu.”

Na ce, “Sun san inda Kankia take?”

Ya ce, “Ba su sani ba.”

“To yaya aka yi?”

Ya ce, “Sun san inda nake.”

Na ce, “In ka tsufa a nan fa, ba ka koma ba?”

Ya ce, “Muddin ni ɗan ƙasar ne, ko a cikin rijiya nake sai na amsa.”

Shi abin dariya ya ɗauka. Ka ga inda suka bambanta da mutanen Ingila ke nan, kuma shi ne wanda ba ka gaya mani ba, ko don ba ka sani ba, ko don ka san zan kama. Na Ingila yana bin inda kake zaune. Na Amurka yana bin ko kai na wane ne. Ranar da ka yarda ka zama nasu, sun ɗaura maka igiya mai tsawon da za ta ƙetare ruwan nan ta iske ka a bakin rafin Mawashi kana cirar ciyawa. Kafin ka miƙa wuya, tambayi yadda ake kwance ta, kuma kada ka tambayi mai riƙe da ita.

Amma zan gaya maka gaskiya, da ya tafi abin da ya dame ni ba tsoro ba ne kaɗai. Kunya na ji. Ga ƙasa ba ta sakin ɗanta ko yana cikin rijiya a bayan duniya. Ko don kuɗinsa take yi, tana dai kiran shi. Ni kuwa da na haifi nawa, na sake shi.

Baffanka Ilu nake nufi, ƙanen ubanka. Kana makaranta a Katsina lokacin, aka ce maka zaman Jos ya fi yi mashi daɗi. Ba haka ba ne. A shekarun yaƙi aka ɗebi samari zuwa haƙar kuza, yana ciki. Da aka sallami sauran shi ya tsaya, ya ce zai ɗan tara abin aure da na sa. Ya aiko wani da sabulu da gishiri, ya ce a gaya wa Inna yana lafiya, kuma can ake karɓar harajinsa. Shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya a ciki bai fito ba. Kakanka ya riga ya rasu, ubanka shi kaɗai ke ɗauke da gidan. Mai unguwa na lokacin, uban na yanzu, ya zo zaure ya yi sallama da ni.

Ya ce, “Hurera, na Ilu fa? A bar shi ko a cire?”

Ubanka ya ce, “Inna, mu sayar da akuya mu biya mashi.”

Na ce, “Akuyar da yara ke shan nononta? Ana biya wa wanda ya biya? Mutum ɗaya ba ya biyan haraji biyu.”

Ka ji ko? Maganarka ce, ni na riga ka faɗinta. Shi ya sa da ta fito daga bakinka na ji kamar an taka mani tsohon miki. Mai unguwa bai tashi nan da nan ba. Ya ce, “Ki dai sake tunani, gonarsa ta gindin tsamiya tana nan fa.” Na ce, “Tsamiya za ta tsare mashi.” Ya ce to, ya sa takalmansa.

Gonar ta kwana damina, ta sake kwana, ubanka bai da ƙarfin haɗa biyu. Sai ga wani bawan Allah ya gudo daga wajen Maraɗi da iyalinsa, harajin Faransa ya koro shi. Ya faɗi gaban dagaci, aka nuna mashi gonar da ba mai ita. Ya sassabe, ya kai taki, ya biya abin da aka ɗora mashi. Ba wanda ya yi zalunci, Sada. Na so in sami wanda zan zaga, ban samu ba.

Ilu ya dawo cikin damina, da mata da 'ya'ya da akwatin ƙarfe da wani tari da ya kwaso a ramin kuza. Da ya sauka a mota bai biyo hanyar gida ba, ya ce wa matarsa bari ya nuna mata gonarsu tukuna. Suka iske gero ya rufe mutum. Ya ce wa mai noman, “Sannu da aiki. Gonar wa?” Ya ce mashi, “Tawa.” Ya shigo gida, ya gaishe ni, ya ci tuwo, ya yi wasa da yara, ya kwanta. Sai da safe ina shara ya tsuguna kusa da ni.

Ya ce, “Inna, nawa ne kuɗin da aka rasa?”

Na gaya mashi.

Ya jinjina kai ya ce, “Ashe ban yi tsada ba.”

An ce za a yankar mashi daji can nesa ya sassabe. Da wannan ƙirjin? Ya yi 'yan kwanaki, ya ɗaure akwatinsa, suka koma. Ban sake sa shi a ido ba. Wani ya ce ya gan shi a Bukuru, wani ya ce ya yi gaba. Ina da jikoki da in mun haɗu a kasuwa sai mu yi cinikin daddawa mu rabu ba mu san juna ba. Akuyar kuwa ko shekara ba ta ƙara ba, ciwo ya kashe ta.

To ga abin da ya faru bayan tafiyarka. Ɗanjuma maƙwabcinmu, wanda gonarsa ke iyaka da taka, tun da aka binne ubanka bai taɓa tako zaurena ba. Kana tafiya sai ga shi da goro. Ya sake dawowa da goro. “Iya, ya kewa? Iya, an ce wanda ya ƙetare ruwan nan ba ya dawowa, Allah dai Ya kyauta.” An kuma gan shi yana taka gambar iyaka yana dube-dube kamar wanda ya yar da allura. In ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Na ci goronsa, don goro bai yi laifi ba.

Aka gama girbi, aka yi shela, maza suka taru ƙofar gidan mai unguwa. Na ɗauki sandata na tafi. Tsufa yana da ranarsa, ba mai ce wa irina koma cikin gida. Na zauna gefe kan tushen itace ana ta kira ana amsawa. Da aka zo kanka mai unguwa ya ce, “Sada na gidan Hurera.”

Ɗanjuma ya yi caraf ya ce, “Ai ya tafi Ingila. Shi da kansa ya ce a cire shi, ta katanga na ji.”

Na ce, “Na'am!”

Wurin ya kwashe da dariya. Mai unguwa ya ce, “Iya, Sada na kira.”

Na ce, “Shi ya amsa. Mura yake yi, muryar ta sirance.”

Na kwance bakin zanena na ajiye mashi kuɗin ragon da na yi wa kiwo don layya. Ya karɓa, ya dube ni, ya ce, “Baɗi fa, Iya?” Na ce, “Baɗi ma ka kira.” Na juya wajen Ɗanjuma na ce, “Kai kuma, kunnen da ke ji ta katanga, ka kai shi masallaci, ladan na ƙorafin ba ka jin kiran asuba.”

Saƙonka ke nan, ban kai ba, kuma ba zan kai ba. Ka yi fushi in ka so, ka sake ni, dama ba ka taɓa yi mani zanen sallah ba. Amma ni ba dutse ba ce, Sada, ba kowace kaka za ta iske ni kan tushen itacen nan ba. Duk shekara in gero ya fara ja ka aiko da naka. In ka ji ba na nan, ka aika wa gwaggonka Ladi, na riga na gaya mata, kuma ta fi ni murya. Ka biya na Ingila kana tambaya. In ƙafa ta kai ka Amurka ka shiga baƙo ka fito baƙo, ka faɗi gaskiya ba ƙari ba ragi, kada ka miƙa wuya a ɗaura. Ka biya biyu, maigida. Nasu kuɗin masauki ne. Na nan shi ne zai sa ranar da ka sauka a mota ka bi ta bakin rafi, ka tambayi mai noma gonar wa, ya ce maka taka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Allah Ya kwantar da ruwan da za ka hau, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya rufe idon mugu daga kanka. Ka riƙe sallarka ko rana ba ta fito ba, ka duba abin da ake zuba maka a akushi. In ka gamu da wani mai tari da ya ce shi ɗan Mawashi ne, ko a ina ne, ka ce Innarsa na gaishe shi. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa in ga dawowarka da idona. Amin.

Ni ce kakarka, Hurera.

Ɗan gidan nan kuwa da ba ya ci ba ya sha, riƙe garinka, ba na so. Sunanka ne. Bana ya fita ƙofar mai unguwa, an kira shi, ya amsa, gonar bakin rafi tana nan.